Hanya ta Tara, Bayan Narkewar Ƙanƙara

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar 'yan makaranta
a Hanya ta Tara, can ƙauyen Ontariyo,
daga gonar su Pettigrew zuwa gadar ƙarfe.
Yara na ƙirga kwanakin hutu,
ni ina ƙirga bishiyoyin mapul.
Ɗari biyu da sha huɗu na tarar.
Ranar da na miƙa makulli, sittin da bakwai suka rage.

Ba a dare ɗaya suka tafi ba.
Gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi
ya bi saiwa a hankali, kamar gulma.
Masu wayar lantarki suka yi wa wasu askin gefe guda.
Sauran kuwa, wata Talata aka zo da jan fenti,
wai titi na son faɗi
don motar madara ta yi ƙiba.

Kakan mijina ya dasa na bakin ƙofarmu.
Daga dajin bayan gida ya tono su,
kowace ba ta fi sandar kiwo kauri ba.
Da ƙafa ya auna: taku sha biyu, rami.
Yana ɗingishi, shi ya sa har yau
layin ya karkace wajen kwalbati.
Bai sha inuwarsu ba.
Mu muka huda su a watan Maris,
muka rataya bokiti, muka kasa kunne:
ɗis,
ɗis,
bokiti arba'in a kan wuta
kafin a samu ɗaya mai kaurin zuma.

Mai sayar da dashe a gari ya nuna min wata,
baƙuwa, daga ƙetaren teku.
Ya ce, ba ta tsoron gishiri, ga saurin girma.
Na karya tsinken ganyenta,
farin ruwa ya fito kamar nono.
Tamu ruwanta garau yake.
Kama da wane ba ta wane ba ce, malam.
Na san irinta: ko ciyawa ba ta rayuwa a gindinta,
'ya'yanta su shiga daji su kore 'yan gida.

Bara, ina durƙushe bakin lambatu da shebur,
sai motar hukuma ta tsaya.
Dermot Halliday ne, mai gwangwanin jan fentin nan.
Na san ƙeyarsa tun yana ɗan shekara shida,
kujera ta biyu, gefen taga, kullum yana mantuwar hula.
Ya daɗe yana kallon ramina.
Ya ce, Misis Verna, nan na hukuma ne.
Koma cikin shinge, taku uku,
can fentina bai da iko.
Ranar Asabar ya dawo da injin haƙa,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Arba'in muka dasa.
Barewa ta cinye kan biyar.
Ɓeraye, a ƙarƙashin dusar ƙanƙara,
suka yi wa huɗu zobe a wuya, ba su farka ba.
Yanzu kowace na sanye da rigar waya,
Agusta kuma ina jan ruwa a tsohuwar tankin madara,
ina zagin rana, ina zagin gwiwata.

Oktoba in ta zo, tsofaffin sukan kama da wuta
ba hayaƙi, ba toka.
Baƙi daga birni su tsaya ɗaukar hoto.
Ba mai juyawa ya dubi ƙananan,
ganye bakwai bakwai, ja kamar tafin da ya sha lalle.

Jiya na tsaya daga nesa na dubi sabon layin.
Ya karkace.
Ƙugun nan nawa ne, tun faɗuwar da na yi a rumbu.
Dermot ya ce a gyara da igiya.
Na ce bar shi.